Cimar Arewa: abin da ake ɓoye wa baƙo

Motar da ta taso daga Yamai za ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi ba ta da makawa sai ta ratsa ƙasar Arewa. Ina nufin ƙasar Arawa da Gubawa da ke gabashin jihar Doso, mutanen da maƙwabtansu Zabarmawa ke kira Mawri. Direba kan tsaya a Kore Mai Ruwa ko a Dogon Dutsi, fasinjoji su sauko, 'yan talla su yi musu caa da rake, da ƙosai, da tsire, da dafaffen ƙwan zabo in damina ce. A ci a tsaye, a kora da ruwan leda, a koma mota. Akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru suna bin wannan hanya, in ka tambaye su abincin Arewa sai su lissafa maka abin da suka saya ta tagar mota.

Wannan kuwa abincin tasha ne, kusan iri ɗaya ne daga Doso har Damagaram. Mai son sanin abin da Ba'are ke ci sai ya bar kwalta ya yi kudu, ya bi ta Tibirin Samna ya gangara Geceme da Fadama da Lido. Tun 2011 aka yanke wannan yanki daga Dogon Dutsi aka yi masa gundumarsa ta Tibiri, amma ƙasa ɗaya ce, kuma abin da ya ɗinke ta shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani. Kogin ya tafi, ruwan ya zauna a ƙarƙashin rairayi, a wasu wurare ɗan haƙa kaɗan ake yi a tarar da shi. Shi ya sa mutumin Geceme yake da gona biyu: ta tudu, inda yake shuka hatsi da wake da yakuwa da damina, da ta fadama, inda rake da rogo da dankali da albasa ke fitowa da rani. Duk abin da ke cikin tukunyarsa daga waɗannan gonaki biyu ya fito, sai nonon da Fulani ke kawowa da ganyen da daji ke bayarwa kyauta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ko baƙon da ya jure hanya ya iso, sau da yawa ba ya ɗanɗana wannan cima. Da ya yi sallama aka shimfiɗa masa tabarma, maigida zai leƙa ciki ya ce a ɗora shinkafa, a aiki yaro kanti ya sayo taliya da magi da tumatirin gwangwani. Tuwon da aka tuƙa don mutanen gida sai a ja shi gefe. Karamci ne, ba shakka, baƙonka Annabinka. Sai dai ƙarƙashin karamcin akwai wata kunya da ta daɗe tana cin mu, wadda ta sa muke ganin abin da muka noma da hannunmu bai kai a ajiye gaban mutumin kirki ba.

Mu fara da fura, ko hura kamar yadda bakin Arewa ke faɗi, domin ita ce ginshiƙin yini. A birane an mai da ita abin sha na marmari. A ƙauyukan Dallol ita ce abincin rana sukutum, ita ake kai wa manomi gona, ita mai jego ke sha, ita ake fara miƙa wa wanda ya sha hanya. Aikinta kuwa ba na wasa ba ne. A surfa hatsi, a bakace, a wanke, a bar shi ya sha iska, a daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, a tankaɗe, a cura manyan dunƙule a jefa a tafasasshen ruwa. In sun dahu a mayar da su turmi a kirɓa har su yi laushi da danƙo, a sake curawa, a birkiɗa cikin gari. Sannan a zo ga damu, wanda shi ma gwaninta ce: ƙwarya, ludayi, nono mai tsami daidai, ruwa kaɗan-kaɗan. Macen da ta iya, furarta ba gudaji, ba ta tsinke ba, ba ta kuma yi kaurin da zai hana ta wuce maƙogwaro. Wanda ya saba yana gane furar turmi da ta inji tun kurɓar farko, domin inji yana ƙona gari ya kashe masa ƙamshi. Kuma a cikin ƙwaryar nan akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi: hatsin na Ba'are ne, nonon na Bafulatana, an daɗe ana musayar wannan da wancan tun kafin kuɗi su shiga tsakani.

Da dare sai tuwo. Tuwon hatsi ko na dawa ba ya buƙatar dogon bayani ga Bahaushe, miyar ce abin nazari. Mai girkin Arewa tana da dabaru biyu da ta gada, waɗanda suka raba ta da mai girkin littafi: shanyawa da ruɓarwa. Ƙasar da damina ke yin wata uku ko huɗu dole ta koyi ajiya. Ganyen kuka a shanya a inuwa don kada ya yi ja, a daka ya zama gari. Kuɓewa, wadda can ake ce wa guro, a yanyanka a shanya a kan rufin ɗaki. Tumatir ya zama kauɗa. Yakuwa, wato sure, ganyenta miya, furenta zoɓo, 'ya'yanta kuwa, gurguzu, su ne asalin daddawar batso.

A kan wannan daddawa nake so in daɗe kaɗan, domin ita ce sa hannun miyar wannan yanki. Bahaushen Kano ko Zariya ya fi sanin daddawar kalwa, ta ɗorawa. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, mata suka juya ga gurguzu. Ana dafa shi dogon lokaci har ya yi laushi, da taimakon kanwa ko ruwan toka, a rufe shi cikin ɗumi ya kwana biyu ko uku yana ruɓa, a daka, a sake rufewa, a ƙarshe a shanya. Warinta yana da ƙarfi, wanda bai saba ba zai iya kau da kai. Amma ita ke ba miyar kuka zurfin da nama ke bayarwa a gidan da ba a sayi nama ba, kuma tana ɗauke da abin gina jiki na gaske, abin da dunƙulen magi ba shi da shi, shi da yawancinsa gishiri ne. Ba ina cewa a kori magi daga murhu ba. Ya riga ya zauna. Damuwata ita ce ya mai da miyar Geceme da ta Abidjan da ta Legas ɗanɗano guda, yarinyar da ta tashi yau kuma tana iya yin aure ba ta taɓa ganin yadda ake rufe daddawa ba.

Sai ganye. Zogale, tafasa, rama, gasaya, yaɗiya: a dafa, a matse, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji da ɗan mai. Ko a haɗa zogale da tsaki a turara a madambaci ya zama dambu. A Yamai, kwaɗon zogale da Zabarmawa ke kira kopto ya shiga manyan gidaje da wuraren biki, ma'aikata na layi suna saye. A ƙauyen da ganyen ke fitowa kuwa har yanzu akwai masu jin nauyin a gan su da shi, kuma suna da dalili. Ganye ya yi abota da yunwa a tunanin mutane. Tsofaffi sun ji labarin yunwar 1931 daga iyayensu, sun ga ta 1973 da 1974 da idonsu, sun ga ta 1984 da mutane da yawa a Nijar ke kira El-Buhari, sun ga ta 2005. A irin waɗannan shekaru ne ake cin ganye ba tsaki, ake tsinko anza a jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Wanda ya ci abu don dole, ba ya saurin ajiye shi gaban baƙo. Ina girmama wannan ciwo. Sai dai ilimin da ya san wane ganye ake ci, wane ake jiƙawa, wane ake bari, shi ne ya fitar da zuriya daga waɗannan shekaru da rai, kuma mata ne suka riƙe shi.

Wannan tukunya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tarihin baka na Arewa kansa labarin haɗuwa ne: Gubawa masu ƙasa, da Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, sannan baƙo daga Barno da ya auri 'yar gida, daga zuriyarsa Arawa masu sarauta suka fito. Yamma Zabarmawa, kudu Dendawa, gabas Kabawa, ga Fulani da Buzaye suna ratsawa da dabbobi. Gishiri yana haurowa daga Dallol Foga, busasshen kifi daga wajen Kabi, ta kasuwannin kan iyaka da suka girmi iyakar kanta. Kowa ya jefa abinsa.

A nan ne labarin wata ƙasa mai nisa ke da amfani gare mu. A kudancin ƙasar Amurka akwai jihar Luwiziyana, inda mutane ke tsallaka teku musamman don su ci abinci iri biyu, na Kiriyol da na Kajun. Faransawa suka kafa birnin Niyu Olins a 1718, shekara guda bayan haka jiragen bayi na farko suka iso. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall, a littafinta na 1992, ta nuna cewa kusan biyu bisa uku na bayin da Faransawa suka kai can daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, kuma an umurci matuƙan jiragen farko su zo da irin shinkafa da mutanen da suka san nomanta. Daga hannun waɗannan bayi da jikokinsu, a madafan iyayengijinsu Faransawa da Sifaniyawa, girkin Kiriyol ya fito. Su kuwa Kajun jikokin Faransawan Akadiya ne, a gabashin Kanada, waɗanda Turawan Ingila suka kora tun daga 1755, suka ƙare a fadamu da dausayin Luwiziyana suna noma da su da farauta.

Bahaushen da aka ajiye wa abincin nan zai yi ta gane dangi. Gumbo, wanda jihar ta ayyana a matsayin abincinta na hukuma a 2004, miya ce mai kauri da ake zubawa a kan shinkafa, kuma ana kaɗa ta da ɗaya daga abu uku: kuɓewa, wadda daga Afirka ta je, ko garin alkama da aka soya da mai har ya yi ja, dabarar Faransawa, ko file, garin busasshen ganyen wata bishiya, wanda aka koya daga ƙabilar Cokto, 'yan asalin ƙasar. Busasshen ganye a daka a kaɗa miya ta yi yauƙi: kuka ke nan da wani suna. Jambalaya dafa-duka ce. Shinkafa da jan wake da suke ci ranar Litinin, wadda a da ita ce ranar wanki, saboda wake na iya dahuwa shi kaɗai uwargida na bakin aiki, ba baƙon abu ba ne gare mu. Kala, soyayyen ƙullin shinkafa da mata baƙar fata suka riƙa talla da sassafe a da a titunan Niyu Olins, 'yar'uwar waina ce, kuma akwai bayin da da ribar irin wannan talla suka fanshi kansu. Ba ina da'awar cewa daga Geceme aka ɗauki tukunyar ba; mutanen da aka kai can yawancinsu daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su. Zumuncin na dabara ne, na mutanen da suka iya mai da ɗan abu kaɗan ya ciyar da gida. Musulmin da ya je can kuma ya yi tambaya kafin ya ci, domin naman alade yana shiga gumbo da jambalaya da waken nan sosai.

Abin lura shi ne, mutanen Luwiziyana su ma sun sha kunyar. Kundin mulkin jihar na 1921 ya tilasta koyarwa da Ingilishi kaɗai, aka riƙa hukunta yaran Kajun in sun yi Faransanci a makaranta, sunan Kajun ya zama kamar zagi, abincinsu na talakan fadama. Abin da ya juya lamarin shi ne wasu masu girkin jihar sun ƙi ɓoyewa. Lena Richard, baƙar fata mai girki, ta wallafa littafinta da sunanta a 1939, alhali littafin girkin Kiriyol da jaridar Picayune ta fitar a 1900 ya kwashi iliminsa ne daga tsofaffin kuku baƙar fata ba tare da ya bar mana sunayensu ba. Leah Chase, wadda ta rasu a 2019 tana da shekara 96, ta ciyar da jagororin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata da shugabannin ƙasa a gidan abincin Dooky Chase, kuma abin da ya fi tara mata jama'a kowace shekara, ranar Alhamis ta gab da Ista, shi ne gumbon ganye, miyar ganyaye kala-kala. Miyar ganye dai, irin wadda muke turawa bayan ɗaki.

Amma labarin yana da ɗaya gefen, kuma ya kamata mu ji shi kafin mu yi sha'awa. Paul Prudhomme, Bakajune, ya buɗe gidan abincinsa a Niyu Olins a 1979, ya ƙirƙiro wani gashin kifi da ake shafe shi da kayan yaji a ƙona a kan kasko mai zafi har ya yi baƙi. Abin ya karɓu fiye da kima, har kafin ƙarshen shekarun 1980 sai da hukuma ta hana kamun irin kifin da ake wannan gashi da shi don kasuwa saboda ya kusa ƙarewa. Gashin nan ba girkin gargajiya ba ne, amma shi duniya ta ɗauka a matsayin Kajun, daga nan duk abin da aka cika wa barkono sai a liƙa masa sunan. Suna ya yi nisa, girkin tsofaffi na ainihi, mai sanyin wuta da haƙuri, ya zauna gida. Kasuwa tana zaɓar abin da ke da saurin yi da saurin ɗauka.

Mu ma mun fara ganin haka. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun sami rajistar asali a hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, abin farin ciki ne. Amma a duba abin da ke isa ga matafiyi: kilishi, tsire, balangu, shayi, duk sana'o'in maza, duk abin da ake naɗewa a takarda. Miya ba ta naɗuwa. Fura ba ta kwana biyu a mota. Saboda haka rabin girkin ƙasa, rabin da ya fi zurfi, ba ya da wakili a bakin hanya. Arewa ta yi suna a duniya ta wasu ƙofofi: Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 a kanta, binciken Marc-Henri Piault kan tarihin Mawri, na Adeline Masquelier kan bori a Dogon Dutsi. Sarauta da bori sun sami marubuta. Girki yana nan inda yake, daga bakin uwa zuwa kunnen 'ya.

Kada kuma a ɗora wa mata laifin guje wa turmi. Shinkafar Asiya da taliya sun ci kasuwa ne domin suna dahuwa cikin rabin sa'a da itace kaɗan, fura da tuwo kuwa suna cin safiya da yamma da ƙarfin kafaɗa. Namijin da ke kukan an bar cimar gargajiya, a tambaye shi yaushe ya taɓa ɗebo itace. In ana son hatsi ya riƙe matsayinsa, sai an rage wa mace wahalarsa: injin surfe mai kyau a kusa, murhu mai tsimin itace, da kasuwar da za ta biya daddawa da garin kuka da tsaki kuɗin da ya dace da aikinsu. Ƙungiyoyin mata a birane sun fara sayar da tsakin hatsi da garin kunu a leda, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Nijar na sahun gaba a noman gero a duniya. Rufe iyakar Najeriya a 2019 da takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 sun nuna wa kowa a wannan yanki yadda abincin da ke zuwa a mota yake saurin yankewa, rumbun hatsi kuwa yana tsakar gida.

Matafiyin da ya yi niyya, ya fara tambayar lafiyar hanya, domin sha'anin tsaro a kan iyaka ya canza a 'yan shekarun nan. Ya kuma zaɓi lokaci. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, zai sami tumu, sabon kan hatsi da aka gasa aka murje, da ɗanyar gyaɗa, da furar sabon hatsi wadda ƙamshinta ba ya kama da na kowane wata. Da ɗari rake ne da rogo da dankali da muruci, ga dankalin Turawa da lambunan Dogon Dutsi suka shahara da shi. Da damina ganye ɗanye ne, nono ya wadata, man shanu ya yi araha. Ƙofarsa mafi sauƙi ita ce ranar kasuwa, inda mata ke kafa tukwane a rumfa suna sayar da tuwo da dambu ga 'yan ƙauye, ba don baƙi aka girka ba, saboda haka ba a sauya masa komai ba. In kuwa gida aka sauke shi, ya yi saurin magana kafin a aiki yaro kanti. Ya ce, "Inna, don Allah kada a ɗora mini wata tukunya, abin da kuka ci shi zan ci." Za ta ce, "Haba ɗana, tuwon hatsi ne fa da miyar kuka." Ya nace, ya roƙi a sa masa man shanu, ya kuma tambaye ta wa ya koya mata rufe daddawa da kwana nawa take bari, ya rubuta amsar tare da sunanta in ta yarda.